Gawayi da Gishiri a Gindin Ginshiƙi

Wata Laraba ce bayan la'asar, a damanar shekarar da soja suka yarda a kafa jam'iyyu. Ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa sharkaf. Ni da ƙanena Illa muka ɗaure awaki, muka zuba musu ciyawa, muka ruga rumfar taro wajen langa. Rumfar tana tsakiyar ƙauyenmu, kusa da Gazawa, ginshiƙanta ƙarfe, rufinta kwano. Ginshiƙin kusurwar gabas shi ne shanmu: wanda ya kai gare shi a kan ƙafa ɗaya ba a kayar da shi ba, ya ci. A bayan rumfar injin wuta yana ta ƙara, ana gwada lasifika saboda taron gobe. Illa ya kauce wa yara biyu, ya yi tsalle ya rungume ginshiƙin yana dariya. Dariyar ta tsaya. Bai sake shi ba.

Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Aikina kiwo ne, da kai fura gona, da jan guga, da korar tsuntsaye in gero ya fitar da kai. Amma ina da ido. Ina nan lokacin da aka gina rumfar, na ga mai haɗa wuta da aka ɗauko daga Maradi ya kankare tsatsa a ƙasan ginshiƙin nan, ya ɗaura wata wayar jan ƙarfe mai kauri, ya matse ta da noti. Ya haƙa rami, ya kafa sandar ƙarfe, ya haɗa ta da wayar, ya zuba gawayi da gishiri, ya rufe. Ya ce wa babana, wanda shi ne mai sharar wurin: "Baba, a bar wannan yadda take. In wuta ta ɓalle ta hau ƙarfe, ta nan za ta bi ta shige ƙasa."

Sai siyasa ta zo. Ƙauye ya rabu biyu, har masu zama tabarma ɗaya da yamma suka raba tabarmi. Jam'iyyar Alhaji Na-Allah, babban ɗan kasuwar garinmu, ta yi taro a rumfar, mutane ba su cika ba. Maimakon ya tambayi kansa dalili, sai wani ɗan korensa ya nuna masa wayar da ta nutse cikin ƙasa. Nan take aka ce binne ne, abokan hamayya sun yi asiri don su ɗaure ƙafafun jama'a. Aka kawo diga. Da gawayi ya fito sai aka ɗauki salati, da gishiri ya biyo baya mata suka rangaɗa guɗa. Babana ya ce, "Alhaji, mai aikin ya ce kada a taɓa." Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To, Malam Idi, ashe kai ma nasu ne? Nawa suka ba ka?" Aka yi dariya. Babana ya ɗauki tsintsiyarsa ya koma shara. Aka zaga gari da sandar ana kiɗa, sannan aka jefa ta tsohuwar rijiya.

Da na ga Illa ya ƙame, na cafko rigarsa da kafaɗarsa. Abin da na sani kawai, wani abu ya daki ƙirjina kamar harbin jaki, na farka a cikin taɓo. Kafin a kashe injin, an gama. Daga baya aka ga bakin kwano ya yanke rigar wata waya can sama, wuta ta sauko ta ginshiƙi, ta tarar an tone hanyarta ta shiga ƙasa, ta bi ta jikin yaro mai tsaye a ƙasa jiƙaƙƙiya ba takalmi. Yatsuna biyu na hannun dama har yau ba sa miƙewa.

Mutuwa ta Allah ce, ban taɓa musu ba. Abin da ban haɗiye ba shi ne abin da ya biyo baya. Ba a ɗaga taron ba. Muna zaman makoki muna jin lasifika, Alhaji yana cewa, "Kun gani? Sauran asirinsu ne ya ci ɗan Malam Idi!" Ana tafi. Jandarma suka zo, suka sha ruwa a zaurensa, suka koma. Ya aiko mana da buhun gero. Innata ta sa aka mayar masa ba a kwance bakin buhun ba. Babana bai sake taka rumfar ba har ya rasu.

Yanzu wuta ta zo ƙauye a kan turaku, jam'iyyun nan sun haɗe sun rabe har na daina bi, jikokin masu tone ramin suna cajin waya a rumfar. An yi mata fenti. Yara sun bar langa, babu mai ihun sha da yamma, kuma wani lokaci kunnena yana neman ihun nan. Duk ginin ƙarfen da na shiga, kasuwa ko asibiti, gindin ginshiƙi nake fara duba. A rumfarmu notin yana nan, ya yi tsatsa, babu komai a jikinsa. Illa ya kai sha, ni ne har yau ban sauke ƙafa ba.