Gwangwanin Kawu

Jiya a tashar Bawku na ji ƙarar ɗan ludo, wanda ake jefawa, cikin gwangwani, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. A rumfarsa ta doya a Salaga ba a jefa ɗan ludo da hannu. Sai an kaɗa shi a wani tsohon gwangwanin madara mai warin goro, wanda ba ya barin aljihunsa.

"Yatsu sun iya munafunci," in ji shi. "Gwangwani ba shi da ɗan'uwa."

Amma kullum shi ke ci. Yakan ce dabara ce kawai: ka bar ɗanka ɗaya a baya a kan allo yana farautar na wasu, kuma ka kalli hannun abokin wasa, ba allo ba.

Wata rana amininsa, wani direba ɗan Yendi, ya sha kashi har ya gaji. Ya ɗauki gwangwanin, ya leƙa ciki, ya shinshina.

"Alhaji, me ya sa in kai ka kaɗa, shida ke fita?"

Kawu ya miƙa hannu. "Ba ni kayana. In kana zargina, ashe kai ne ka san yadda ake yin cutar."

Direban bai ƙara zama a rumfar ba. Ranar jana'izar Kawu kuwa shi ne a sahun gaba.

Gwangwanin yana wurina yanzu. Gindinsa ya ɗan lotsa ta ciki, kuma ba irin lotsawar faɗuwa ba ce. Na kaɗa, na kaɗa, shida ba ta zo mini ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani, da wannan da har yau ban tabbatar ba.