Irin dawar Inna

Mahaifiyata ce mai ajiyar irin dawa a ƙauyenmu, can wajen Maijirgi. Ba wanda ya naɗa ta. Da kaka takan zauna gaban dammuna ta zaɓi zangarniya ɗaya ɗaya, ta rataye a madafa hayaƙi ya tsare. In bazara ta yi mata su zo da ƙwarya, ta ɗibar musu.

Sai yanar ido ta riƙa rufe mata gani, ta ɓoye. Shekara uku da laluben hannu take zaɓe. Ni da na shiga makarantar manya da furfurata, na matsa mata sai ta je likita. Ta ce, "Ke da kika koyi baƙi jiya, yau za ki kai ni a yanka mini ido?" Na ce ko da igiya ne.

A Tasawa aka yi mata aikin, ido ɗaya, ana dab da ruwan shuka. Da aka cire audugar ta dubi zanenta ta ce, "Wa ya sayo mini wannan? Ashe kamar zabuwa nake yawo."

Lokotoro, wato likitan, ya hana ta duƙawa da shiga hayaƙi, don haka ni ta sa na sauko da sauran irin tsakar gida. Ta ɗaga zangarniya ga rana, ta daɗe. Burtuntuna ce a tsakanin ƙwayoyin, baƙar cutar nan mai bin iri ta mayar da dawa gawayi. Kuma rabin gari sun riga sun ɗiba.

Na ce, "Inna, a yi shiru. In ta fito a ce daga Allah."

"Daga Allah ne, amma ta hannuna ta biyo. Ɗaura jaki."

Muka bi gidaje a amalanke, tana sanye da baƙin tabarau. Kowace ƙofa magana ɗaya: "Kada ku shuka abin da na ba ku. Makauniya ta zaɓa, ta ɓoye muku." Wata tsohuwar ƙawarta ta ce, "Mun sani tuni ba kya gani, muna jiran ki gaji da girman kai." Wasu ko gaisuwa ba su amsa ba, kuma ba su sake kawo ƙwarya ba.

A hanyar gida na ce mata ai yau ta zubar da sunanta. Ta ce suna ba ya tsiro. Sannan ta tambaye ni ranar da za a yi ɗaya idon, tana so a gama kafin kaka.