Ɗan Akwatin da Ke Goye a Laftof ɗin Baba

Wata rana wata baiwar Allah mai suna Barira ta shiga shagon mai gyaran kwamfuta a Zariya, rungume da laftof naɗe cikin sallaya.

Na mahaifinta ne, Malam Haladu. Kwanansa arba'in ke nan da rasuwa.

Laftof ɗin ya sha jiki. Shekara biyu da suka wuce ma'ajiyarsa ta ciki ta mutu, sai aka haɗa wa Malam ta waje, wadda ake kira SSD. Ɗan akwati ne da bai fi kwalin ashana ba, da 'yar igiyarsa. Da shi kwamfutar take tashi, a cikinsa take ajiye komai.

Malam ya manne shi da salatif a bayan murfi.

Barira ta sha yi masa tsiya, wai kwamfutarsa har da goyo. In ya ce ta zauna ya nuna mata yadda abin yake, sai ta ce anjima.

Abu ɗaya take nema a laftof ɗin: muryar mahaifiyarta. Malam ya naɗi muryarta tana hira tana dariya kafin ta rasu, kuma babu wani wurin da muryar ta rage.

Mai gyara ya kunna. Fuskar kwamfutar baƙi ƙirin.

Ya juya murfin, ya shafa tabon salatif.

"Hajiya, ina abin da ke manne a nan?"

"Wannan abin cajin? Ai mun bayar sadaka tare da rigunan Baba."

"Innalillahi. Shi ne kwamfutar, Hajiya. Wannan da kika rungumo gangar jiki ce kawai."

Da hannunta ta ɓare shi ranar addu'ar bakwai, don salatif ɗin ya yi datti. Ta goge laftof tsaf ta adana, ta jefa ɗan akwatin cikin kayan sadaka.

Ko gida ba ta biya ba, ta wuce wurin maƙwabcin da aka ba wa.

Ya tarbe ta da fara'a. Ya ce abin ya yi masa amfani ƙwarai, tuni ya sa an goge shi tas an cika masa da finafinai. Yana ta yi wa Malam addu'a.

Ta ce amin. Ta roƙe shi ya ara mata akwatin, ta koma da shi shago.

Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ko daƙiƙa ɗaya ta muryar ba ta dawo ba.

Wallahi ban ga laifin maƙwabcin ba. Ita ma tausayinta nake ji, don ranar ta yi kuka kamar yau aka yi mata rasuwar iyayen duka biyu.

Darasi: Idan iyayenka suka ce "zo in nuna maka," ajiye wayarka ka je yanzu. Kuma abin da kake ƙauna, kada ka bar shi a ma'ajiya ɗaya.

Tura wa wanda har yau yake ce wa mahaifinsa "anjima."