Hoton Mma da Bai Fito Ba

A shekarar da Gana ta samu 'yancin kai ni saurayi ne mai ji da kansa, ina koyon ɗaukar hoto a shagon wani dattijo Bayarabe a unguwar Sakasaka da ke Tamale. Babana ya rasu tun ina goye, daga ni sai Mma, mahaifiyata, a ɗaki biyu cikin zongo. Ba ni da wa, ba ni da ƙane, abokai ma ban iya yin su ba. Inda nake sakewa kawai shi ne ƙarƙashin baƙin ƙyallen kyamara, ina kallon mutane a kife a jikin gilashi.

Da dattijon ya tashi komawa garinsu, ya kira ni ya ce in ɗauki kyamararsa a kan duk abin da ya sawwaƙa. Akwati ce ta katako mai ƙafa uku, fatar wuyanta duk faci, da hannu ake cire murfin idonta a mayar. Ko ido rufe zan iya aiki da ita. Amma lokacin kowa sabo yake so, sabuwar tuta, sabuwar ƙasa, ni ma kaina ya kumbura. Na ce masa tsohuwar ta gaji. Bai yi fushi ba, ya dai ce hannuna ya san wannan, bai san sabuwar da nake hange ba. Na hau lori zuwa Kumasi na dawo da sabuwa fil, tana ƙyalli, ina tafe kamar ni na ƙera ta.

A makon ne Mma ta gama shirin tafiya Makka ta ƙasa, cikin ayarin da zai bi ta Cadi da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru. Tunda take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, takan ce ita ba ta ga amfanin mutum ya zauna a takarda ba. Ana gobe za su tashi na roƙe ta har ta gaji. Ta ce to, sau ɗaya tak, kuma in yi sauri tuwonta na kan wuta. Ta yafa farin mayafi ta zauna a tsakar gida, tana ta danne dariya. Na shiga ƙyalle na saita ta, kuma wallahi ban taɓa ganinta da kyau kamar ranar ba.

Ita sabuwar tana da wani ɗan maɓalli da ake rufe idonta da shi bayan an gama saiti, kafin a buɗe fim. Hannuna ya nemi murfin da ya saba, bai samu ba, sai na wuce. Na buɗe fim idon kyamarar na hangame, haske ya cinye shi, ni kuwa har da ce wa Mma ta tashi an gama. Ban wanke a ranar ba, don ban ga abin gaggawa ba. Sai da na raka su tasha na dawo, sannan na wanke. Fim ya fito baƙi ƙirin, ko inuwarta babu. Na zauna a ƙasan shagon har aka kira la'asar, ba wanda zan faɗa wa.

Na ce a raina ba komai, in ta dawo na sake. Bayan shekaru wata mata daga ayarinsu ta iso Tamale ta ce zazzaɓi ya kama Mma a Sudan, a can aka binne ta.

Na ɗauki amare, 'yan makaranta, sojoji, fatake, fuskokin da ba zan iya ƙirgawa ba, da wannan sabuwar kyamara, kuma ba ta sake ba ni kunya ba. Laifin ba nata ba ne. Abin da na koya shi ne, sabon kayan aiki sai an saba da shi a kan abin da za a iya maimaitawa. Ina roƙon matasa masu sana'a, in aikin na sau ɗaya ne, ku yi shi da abin da hannunku ya sani, kuma ku duba kafin mutum ya tafi. Yau na tsufa, duk wanda ya san Mma ya riga ni. Jikokina kan tambaye ni kamanninta, in rufe ido in nema, sai in ga mayafin, fuskar ta ƙi zuwa.