Mba Tahidu Da Injin Goge Mota

Da an idar da sallar asuba a unguwar Gurugu ta Tamale, Mba Tahidu yakan ɗauki bokiti da tsumma ya nufi gindin darbejiyar bakin titi. Kafin mai koko ta sauke tukunya, ya wanke lori ɗaya ya kama ta biyu. Haka yake tun zamanin yaƙi, rani da damina. Bana gwiwa ta ce ya isa, ya ajiye tsumma. Shi ya sa zan tuna wa mutanen Tamale abin da ya yi gab da bikin 'yancin kai.

An shirya tsofaffin sojojin da ƙafa ta gaza za su zaga gari a motar hayar Andani direba. Amma rana ta cinye fentinta, baƙin ya koma ruwan toka. Masu shirya biki suka ce ba za ta shiga jerin gwano a haka ba, wata motar kuwa babu. Tsofaffin nan har sun sa an goge musu kaki.

Andani ya aro injin goge fenti daga wani gareji a Kumasi, mai faifai lulluɓe da gashin rago, ya dire shi gaban Mba Tahidu.

"Mba, ka taɓa aiki da irinsa?"

"Yau na fara ganinsa," in ji shi. "Amma ba a jikin motarka zan koya ba."

Aka jawo wuta daga shagon wani tela. Mba Tahidu ya shiga gida, ya juye zannuwan matarsa Azeta a tabarma, ya fito da akwatin ƙarfen da ta zo da shi gidan aure. Yana kunnawa injin ya fizge shi har hula ta faɗi. Ya danna da ƙarfi a wuri ɗaya, fentin murfin ya ƙone, ƙauri ya tashi. Azeta ta leƙo, ta riƙe haɓa.

"Maigida, 'yancin kan da akwatina zai fara?"

Jama'a suka kwashe da dariya, har da shi. Amma kafin ya gama da gefen akwatin ya gane halin abin: ba ya son dannawa, ba ya son tsayawa.

Ya tura motar inuwa, ya wanke ta tas, ya shafa man gogewa kaɗan, ya bar faifan yana yawo kamar mai lallashin jariri. In ya zo kan gaɓa inda fenti ba kauri, sai ya kashe injin ya bi da hannu. Andani ya kasa kallo, ya juya baya yana jan carbi. Zuwa la'asar baƙin ya dawo, ganyen darbejiya na rawa a jikin ƙofa. Saje Abubakari, babban tsofaffin, ya dogaro sanda ya zo, ya gyara hularsa a jikin motar, ya juya ya ƙame wa Mba Tahidu.

Ranar biki motar ce a gaba. Ba wanda ya ambaci sunansa a lasifika. Yana cikin taro yana tafi, washegari kuma ya sake wa akwatin Azeta fenti.

Mba Tahidu, kai ne wanda bai ji kunyar cewa bai sani ba, bai kuma koyi aiki a kan dukiyar da aka ba shi amana ba. Kai ne ba ka taɓa tambayar motar wa ce kafin ka sunkuya mata. Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya.

Ku kuma masu tasowa a garejin Tamale, injuna za su yi ta zuwa daga kudu. Ku je Gurugu ku gaishe shi tun yana iya nuna muku yadda ake sassauta hannu.