Cokalin da Mai Kunne Ya Mayar

Ina share ƙofar shago tela ya leƙo ya ce, "Yaya, kin ji Mai Kunne zai ajiye aiki? Wai kunnen ne ya fara nauyi." Na jingine tsintsiya na zauna. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ce mutumin nan ba zai rufe rumfa a yi shiru ba, ko da rubutuna zai fito a karkace.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai gyaran tsofaffin akwatunan gem, masu tsayin mutum ɗin nan da ake jefa wa kwabo a kama sanda ana harbin jirage. Kullum da safe yakan buɗe rumfarsa a bayan layinmu, ya jona ƙarfen dalma, ya zauna jiran marasa lafiya. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya taɓa akwati sai mai shi ya kwaikwayi ciwon da bakinsa. Duk layin nan sun ga ranar da ya tsayar da mahauci, ƙato guda, yana "wiii, ƙirrr" a bakin titi. Ya ce, "Sake, ban ji ƙarshen ba." Mahauci ya sake. Ya ce, "Wayar sifika ce ta kwance." Kuma ita ɗin ce.

Mu ma muna da irin akwatin a lungun shagonmu na lemo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da shi yake fara buɗe shago. Sai ya jona shi, kiɗan ya tashi, yana bi da muryarsa mai kama da jan benci. Akwai wata gaɓa da akwatin ke yin "zirrr", shi ma sai ya yi, har da kaɗa kai.

Bai daɗe da rasuwa ba akwatin ya kurumce. Hoto na motsi, sauti babu. Sai na lura kiɗan ya fara ɓace min daga ka, muryar maigida na bin sa. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Mai Kunne ya zo da jakarsa ya ce, "To uwar gida, yi min yadda yake yi a da." Na buɗe baki, hawaye suka riga ni. Ya ce, "Bar shi." Tela ya ce tunda yake bai taɓa ganin ya ɗaga wa kowa ƙafa ba sai ranar.

Ya buɗe bayan akwatin, ya hure ƙura, ya murza maɓallin ƙara, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sifikar ce ta ƙone. Ya sa wata, ya ɗaure ta tamau da sabuwar ƙusa, ya jona. Kiɗa ya fito tar, kamar sabo.

Na ce, "Malam, wannan ba namu ba ne."

"Ikon Allah! Na waye?"

"Namu yana da mura."

Ya dafe kai ya ce, "Kin ga abin da tausayi ya jawo min. To yau sai kin yi." Haka na tsaya gaban tela da masu sayen lemo, da girmana da komai, ina "tan-tan-tan, zirrr". Ya rufe ido ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Wannan ba ciwon waya ba ne, ƙarfe ne ke rawa a jikin katako."

Ya sa hannu a jaka ya zaro cokali. Wai a bayan tsohuwar sifikar ya same shi, an tokare ta da shi saboda ƙusa ta ɓata.

Cokalin shayina ne, mai lanƙwasasshen wuya! Shekara da shekaru ina cewa maigida ne ya ɗauka, yana cewa bai ma san kalarsa ba. Har ƙarƙashin gado ya taya ni dubawa, da tocila! Na ce, "Ai na faɗa!" Na yi dariya har na zauna a ƙasa, rabona da ita tun maigida yana raye.

Mai Kunne, kai ne ka kwance sabuwar ƙusar da hannunka, ka mayar da cokalin, kana matsar da shi kaɗan-kaɗan kana kallon fuskata, har zirrr ɗin ya faɗa a gaɓarsa. Kai ne mai gyaran da ya yarda ya ɓata aikinsa don wata tsohuwa ta ji muryar mijinta. Na gode, Allah ya saka, ya bar maka sauran kunnen ka ji hayaniyar jikoki. Ku kuma masu tasowa a sana'a, ku riƙa sauraron mai kaya kafin ku ɗauki sukuddireba.

Ban sayi wani cokalin ba. Kullum da safe nakan jona akwatin, in juya shayina da gindin cokali mai yatsu, in jira gaɓar. Idan ta zo, ni ma sai in yi.