Jar Buba da Jirgin da Yaya Lawali Bai Gani Ba

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Lawali. Na so in yi masa addu'a in yi shiru kamar yadda na saba, amma makon jiya samarin da ke shan shayi a ƙofar gidana suka hana ni. Tun hantsi har azahar suna gardama a kan wani jirgin ƙasa mai saurin gaske da suka gani a wayoyinsu, irin wanda wasu ƙasashe ke shimfiɗa wa dogo. Waɗansu na cewa shi ne ci gaba, waɗansu na cewa tsadarsa ta fi amfaninsa, gara a gina asibiti da makaranta. Ina jin su raina yana ɓaci, don ni da Yaya muka fara wannan gardama a ƙauyenmu na kwarin Tarka tun ba a haifi iyayen wasunsu ba, kuma har yau babu ko taku ɗaya na dogo a Damargu.

Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, shi aka bai wa sandar kiwo. Tun yana saurayi yake bin fatake yana kora musu shanu a ƙafa daga Damargu har Kano, inda ake loda su a jirgi zuwa bakin teku. A can ya ga jirgin ƙasa, kuma bakinsa bai sake hutawa da zancensa ba. Ba saurin jirgin ne ya burge shi ba, don ya ce wani wurin ma raƙumi mai ƙafa zai iya jerawa da shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne saniya tana tsaye, ba ta taka ko'ina, amma tana tafiya. Shi ya san abin da hanya take ci. Yakan ce sa ya bar Belbeji tozonsa a miƙe, ya shiga Kano tozon ya kwanta, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa.

A shekarun saba'in, da aka yi ta cewa ma'adinin arewa zai kawo wa ƙasa arziki, sai raɗe-raɗi ya bazu a kasuwanni cewa za a ja dogo daga Kano, ya bi ta Damagaram da Tanut ya wuce Agadas. Lokacin an turo ni koyarwa Belbeji, ina da alli a hannu da surutu a baki, ina ganin duk abin da ba a rubuta a littafi ba shirme ne. Duk hutun da na je gida sai mun kafa gardama. In yi masa bayanin nisan hanya, da ƙarancin jama'a, da rairayin da zai binne dogon. Wata rana na ce masa, "Yaya, abin da za a kashe a wannan jirgin naka ya isa a haƙa rijiya a kowane ƙauye na Damargu." Ya dube ni ya ce, "To Mushe, na yarda, a bar jirgin. Yaushe za a fara rijiyar?" Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal, don tsokana. Daga ranar, ko daga ina na dawo, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Mushe, ina rijiyata?" Ni kuwa in yi ta dariya, ina ganin na kayar da shi.

Farin farko na shekarun saba'in ya share masa garke, ya bar shi da igiyoyi. Wanda ya tashe shi Buba ne, wani Bafulatani da ke kiwo wajen Tenhya, abokinsa tun zamanin korar shanu. Bayan 'yan shekaru Buba ya jawo wata jar karsana ya ɗaure masa ita habbanaye. Wanda bai san al'adar ba, ga yadda take. Ana ba ka saniya ka riƙe har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita. Ba takarda, ba shaidu. Amma ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a dukanta, kuma ita ake fara shayarwa a bakin rijiya. Mutuncin mutum duka yana rataye a wuyanta har ranar da zai miƙa igiyarta ga mai ita. Mu a gida Jar Buba muke ce mata. Ta haihu biyu, Yaya ya haɗa da abin da ya samu a noman gero, garke ya fara tashi, har ya kai goma sha.

Saura haihuwa ɗaya ya mayar da ita, sai farin tamanin da huɗu ya sauka. Wanda ya gani ba ya son tunawa. Damina ta wuce ba a ɗaure dami ba, kwari ya zama fili. Masu hankali suka sayar da na sayarwa tun shanu na iya tsayuwa, suka kora sauran kudu. Kowa ya ce wa Yaya ya yi haka. Ya ce nasa zai iya sayarwa, zai iya korawa, amma Ja ba tasa ba ce. Ba zai kai ta kasuwa ba, ba kuma zai jefa ta doguwar hanyar da ya san tana kashe shanu ba, sai da bakin mai ita. Barinta a gida ya tafi da sauran kuwa, wannan ko a mafarki. Na yi masa faɗa, na ce wannan taurin kai ne, Buba ma da yana nan abin da zai ce ke nan. Ya ce, "To je ka jiyo daga bakinsa. In ya ce, na yi."

Na tafi. Kwana huɗu na yi a tashar Belbeji ina jiran babbar motar da ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Da ta zo, ta kafe a rairayi sau biyu, muka sauka muka tura, sannan wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta muka yi kwana biyu a daji. A Tanut na sake jiran wata motar, daga inda ta ajiye ni na hau raƙumin wani Buzu. Na isa mashekarin Buba na tarar da toka da busasshen kashin shanu, sun tashi. Na yi ta bin rijiyoyi ina tambaya, wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna kudu. Ranar da na cika kwana goma sha tara na same shi, a wata rijiya da ba ta fi tafiyar kwana biyu daga ƙauyenmu ba. Ya rame har ban gane shi ba. Da na faɗa masa saƙon ya riƙe baki ya ce, "Wannan har sai an tambaye ni? Ya sayar mana, ya ci da 'ya'yansa. Kai, Lawali!"

Na iso gida da izinin da ba shi da sauran amfani. Shanun Yaya sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage ba mai saye, ba kuma su iya tafiya. Ya kwance zanar gidan ya ba Ja, ya sauke bunun rumfa ya ba ta, har dusar da matarsa ke tankaɗewa don yara sai da ya raba biyu. Ana ɗaga ta da itace safe da yamma. Kwana uku da dawowata ta kwanta ta ƙi tashi. Maƙwabcinmu ne ya sa mata wuƙa don kada ta tafi mushe, Yaya ya juya baya. Bayan nan ya yanke wutsiyar da kunnen da ke da tsagar gidan Buba, kamar yadda ake yi idan dabbar amana ta mutu, ya naɗe a tsumma, ya taka da ƙafarsa ya kai masa. Buba bai buɗe tsumman ba.

Ban ce jirgi zai nemo mini Buba a daji ba. Amma a kudu a shekarar akwai dusa, akwai angurya, akwai harawa, kuma abin da zai kawo su Damargu da yawa da araha shi ne babu. Abin da zai kwashi shanu yana tafe su suna tsaye ya sauke su inda ciyawa take, shi ma babu. Rijiyoyin da na yi masa alkawari da bakin gwamnati kuwa, ba su zo ƙauyenmu ba. Wannan shi ke ci mini rai har gobe. Har yau ban ce lissafina ƙarya ba ne. Dogo na da tsada, jama'armu a warwatse suke. Sai dai na lura cewa duk lokacin da aka ce mana abu ya yi tsada gara mai araha, to maganar ta ƙare ke nan, mai tsadar ba a yi ba, mai arahar ma ba a yi ba. Ni ma da bakina aka yi wannan aikin, kuma ina jin kunyarsa.

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga abubuwa sun sauya, ban musa ba. Kwalta ta kai Tanut, babura sun cika daji, makiyayi na kiran ɗan'uwansa daga gindin rijiya, abin da ya ci mini kwana goma sha tara yanzu gaisuwa ce da sallama. Zai yi murna da wannan. Amma in samarin nan suka nuna masa jirginsu mai sheƙi, na san tambayar da zai fara yi: shanu nawa yake ɗauka? In suka ce masa ai ba ya ɗaukar shanu, mutane ne kawai masu sauri zuwa ofis, zai yi tsaki ya mayar musu da wayarsu. Sannan ya tambayi kuɗin buhun dusa a Belbeji cikin bazara, ya ji, ya gane cewa ta wannan wajen ba a matsa ko'ina ba.

Bai ƙara tambayata rijiyarsa ba bayan Ja, kuma na fi son tsokanar a kan shirun. Ya koma noma, ya daina zuwa kasuwar shanu, in an yi zancen Buba sai ya tashi. Kowa ya gaya masa ba laifinsa ba ne, Allah ne ya kawo, shi kuwa abin da ya sani kawai an ba shi saniya da ƙafafunta ya mayar da wutsiya. Shekara biyu bayan farin ciwon ƙirji ya kama shi, ya rasu muna jiran ranar kasuwa mu samu motar Damagaram.

In an tambaye ni abin da ya bari, ba gida ba ne, ba garke ba. Kwana uku da binne shi, muna zaman makoki, sai ga Buba ya ɓullo ta bakin kwari, ƙafafunsa fari fat, yana jaye da 'yar karsana. Bai ji labari ba. Shanu biyar suka rage masa a duniya, ya zaɓi wadda ta fi kyau ya yi kwana shida yana tafe da ita. Da ya ga tabarmi da mutane ya tsaya cak, aka gaya masa. Ya daɗe a tsugune, fuskarsa cikin rawani. Kawunmu ya ce masa, "Buba, Allah ya saka, amma mai riƙon ya tafi, ka koma da abarka." Buba ya miƙe ya shiga gidan, ya nemi turken da babu komai a kai, ya ɗaure ta da hannunsa. Ya ce, "Mutumin da ya kashe garkensa saboda saniyata, a gidansa zan ji tsoron ajiya? Haihuwa uku ce, kamar waccan. In ta cika, 'ya'yansa su kawo mini."

Sun kai masa ita da ƙafafunta. Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya jiƙan Buba.